Koyi da Halin Allah a Almajirancin Kirista

Koyi da halin Allah koyarwa ce ta addinin Kirista da ke cewa mai bi zai daidaita zamansa na yau da kullum da halin da Allah ya bayyana, musamman a rayuwar Yesu Almasihu. Nassin da aka fi kafa hujja da shi shi ne Afisawa 5:1–2, inda manzo Bulus ya umarci masu bi su yi koyi da Allah kamar ƙaunatattun 'ya'ya, su yi zaman ƙauna yadda Almasihu ya ƙaunace su. Manyan ɗarikun Kirista sun yarda da umarnin, amma sun sha bamban kan hanyar cika shi da kuma inda mutum zai iya kaiwa kafin ya bar duniya.

Tushensa a Littafi Mai Tsarki

Farawa 1:26–27 ta ce an halicci mutum cikin siffar Allah, don haka masana ke ɗaukar koyin a matsayin komawa ga abin da aka yi mutum dominsa. Umarnin kai tsaye yana Littafin Firistoci 19:2: jama'ar Isra'ila su zama tsarkaka domin Ubangiji mai tsarki ne. Abin lura shi ne yadda surar ta fayyace wannan tsarki. Manomi zai bar wa matalauci da baƙo kalar gonarsa, ladan ɗan ƙwadago ba zai kwana a hannun ubangidansa ba, ba a zagin kurma, ba a sa wa makaho abin tuntuɓe, ma'auni kuma ya zama na gaskiya. Haka Maimaitawar Shari'a 10:18–19 ta ce Allah yana ƙaunar baƙo, yana ba shi ci da sutura, saboda haka su ma su ƙaunaci baƙo. Malaman Yahudawa a Talmud, kundin koyarwarsu, sun bi wannan layi, suka lissafa suturta marar tufa, duba marar lafiya, ta'aziyya da binne mamaci a matsayin bin sawun Allah.

A Sabon Alkawari Yesu ya ɗora umarnin a kan abu mafi wuya, wato ƙaunar maƙiyi. Hujjarsa a Matiyu 5:45 ita ce Allah yana fito da rana ga mugaye da nagargaru, yana sauko da ruwa ga masu adalci da marasa adalci. Matiyu ya rufe sashen da kira zuwa ga kamala irin ta Uba, Luka 6:36 kuma ya rufe da kira zuwa ga jinƙai irin nasa. Daga nan ne aka san ma'aunin koyin: yadda mutum ke yi da wanda ba zai iya saka masa ba, ko wanda ya cuce shi. Kyautata wa mai kyautata maka, in ji Yesu, ko masu karɓar haraji suna yi.

Abin da ake koyi da shi, da abin da ba a yi

Masana tauhidi, musamman na ɓangaren Furotesta, sun kasa halayen Allah gida biyu. Akwai waɗanda nasa ne shi kaɗai, kamar madawwamanci, sanin kome da iko a kan kome. Akwai kuma waɗanda halitta za ta iya nunawa gwargwadon ƙarfinta: ƙauna, jinƙai, gaskiya, aminci, adalci, jinkirin fushi, irin waɗanda aka jera a Fitowa 34:6–7. Rabon yana da amfani ƙwarai, domin jarabar farko a Farawa 3:5 ita ma alkawarin zama kamar Allah ce. Wanda ke son sanin kome game da kowa, ko juya kowa yadda yake so, ya kama ɓangaren da ba nasa ba. Ramuwa ma haka take: Romawa 12:19–20 ta bar ta ga Allah, ta umarci mai bi ya ciyar da maƙiyinsa in yana jin yunwa.

Yadda ake yi

Tsarin da ya fi fitowa fili yana Afisawa 4:22–32, kuma hawa uku ne: a tuɓe tsohon hali, a sabunta tunani, a yafa sabon hali. Bulus bai bar gurbi a buɗe ba. Maƙaryaci zai daina ƙarya ya faɗi gaskiya, domin masu bi gaɓoɓin juna ne. Ɓarawo zai daina sata ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Fushi kuwa an sa masa wa'adi, kada rana ta faɗi a kansa. Wanda ya tsaya a hawa na farko, ya bar mugun hali bai cike gurbinsa da kishiyarsa ba, yawanci yakan koma gidan jiya, domin dalilin da ya kai shi ga halin yana nan.

Gafara ce aka fi ɗaure wa wannan koyarwa. A misalin Matiyu 18:23–35 an yafe wa bawa bashin talanti 10,000, shi kuma ya shaƙe ɗan'uwansa kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙwadago, talanti ɗaya kuma wajen dinari 6,000 ne, wato bashin farko ya kai ladan yini miliyan 60. Dinari 100 ba ƙaramin kuɗi ba ne, ya haura ladan wata uku, don haka misalin bai raina zafin wanda aka cuta ba. Abin da yake nunawa shi ne mai yafewa yana bayarwa ne daga abin da aka riga aka ba shi. Wannan sura ta kuma shimfiɗa matakan gyara tsakani: a fara samun mai laifin a keɓe, in ya ƙi a tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi su a kai gaban ikilisiya. Yawan ɓaraka tsakanin masu bi na faruwa ne don an tsallake matakin farko, an kai maganar ga kowa ban da mai ita.

Don bin diddigin kai, da yawa suna amfani da binciken zuciya na yamma wanda Ignatiyus na Loyola (1491–1556) ya tsara. Sassansa biyar ne: godiya, roƙon haske don ganin laifi, bitar yinin sa'a bayan sa'a, neman gafara, da ƙudurin gyara. Ya kuma ba da shawarar a ɗauki aibi guda a sa masa ido na musamman har a shawo kansa. Wanda ya ɗauki aibobi goma a lokaci ɗaya bai cika gyara ko ɗaya ba. Karatun Linjila a kai a kai, addu'a, Jibin Ubangiji da zama kusa da wanda ya riga mutum girma a bangaskiya su ne sauran hanyoyin. Bulus da kansa ya ce wa Korintiyawa su yi koyi da shi yadda yake koyi da Almasihu.

Inda ake kuskure

Tsohuwar muhawara ita ce ko bin misalin Almasihu kaɗai ya isa. Wani malamin Kirista mai suna Felajiyus, a farkon ƙarni na biyar, ya ba ƙoƙarin mutum da misalin Almasihu nauyi mai yawa. Bishop Agustin ya yi tsayin daka cewa sai alherin Allah ya yi aiki a cikin zuciya, majalisar Kartaj ta 418 kuma ta yi tir da koyarwar Felajiyus. Martin Luta ya ce a karɓi Almasihu a matsayin kyauta tukuna, sannan a bi shi a matsayin misali. Galatiyawa 5:22–23 ma ta kira halaye tara, daga ƙauna zuwa kamunkai, 'ya'yan Ruhu. In aka juya tsarin, aka sa ƙoƙari gaban alheri, sakamakon ɗaya ne cikin biyu: girman kai irin na Bafarisiyen da ya yaba kansa cikin addu'a a Luka 18, ko fid da rai ga wanda ya ga ya kasa.

Wani kuskuren mai hatsari shi ne mai da gafara igiyar ɗaure wanda ake zalunta. Allah da ake koyi da shi mai kāre maraya da gwauruwa ne, kuma Fitowa 34:7 ta ce ba ya kuɓutar da mai laifi. Barin ramuwa bai hana a tona zalunci, a nisanci azzalumi, ko a kai ƙara ga hukuma ba.

Kan iyakar abin, Ikilisiyar Otodoks ta Gabas tana magana a kan tarayya da halin Allah bisa 2 Bitrus 1:4, kamar yadda Atanasiyus ya koyar a ƙarni na huɗu. Jon Wesli, a ƙarni na 18, ya ce mai bi zai iya kaiwa cikakkiyar ƙauna tun a duniya, ko da yake ba zai kuɓuta daga kuskure da rashin sani ba. Mabiyan Luta da na Kalbin kuwa sun ce zunubi yana nan tare da mai bi har mutuwa, kamanni da Allah kuma sai a tashin matattu zai cika.