Ƙungiyoyi da yaƙin neman zaɓe a Kebbi: amsa ga masu maimaita tambaya

Da zarar an fara jin ƙamshin zaɓe sai tambayoyi iri ɗaya su dinga zuwa mini daga Jega, Argungu, Yauri har Zuru. Na tara su a nan. Wanda ya sake aiko da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Mene ne bambancin jam'iyya da ƙungiyar matsin lamba?

Jam'iyya kujera take nema, ƙungiya kuwa kunnen wanda zai hau kujerar take nema. NUT ta malaman makaranta, RIFAN ta manoman shinkafa, NURTW ta direbobi, Miyetti Allah, 'yan kasuwa, mahauta, 'yan kabu-kabu, duk babu wadda tambarinta ke kan takardar ƙuri'a.

Shugaban ƙungiyarmu ya yi wa ɗan takara mubaya'a da sunanmu. Dole ne in bi?

A'a. Katin zaɓenka sunanka ne a jiki, ba nasa ba. Kai kaɗai ka shiga wurin dangwalawa.

Wai da gaske ƙungiya na iya ɗora mutum kan mulki? Ai ga Ƙauran Gwandu.

Na san nan za a zo. Gaskiya ne Nasir Idris, wato Ƙauran Gwandu, ya shugabanci NUT ta ƙasa, ya kuma riƙe mataimakin shugaban ƙungiyar ƙwadago ta NLC kafin ya zama gwamnan Kebbi a 2023. Malaman firamare kuwa babu ƙauyen da babu su a ƙananan hukumomi 21 na jihar nan, kuma mutane ne da ake jin maganarsu a ɗaurin aure da wurin suna. Wannan ba ƙaramin jari ba ne. Amma ku tuna yadda aka yi. Zaɓen 18 ga Maris bai kammala ba, sai da aka sake fita ranar 15 ga Afrilu, kuma tazarar da ya ba Aminu Bande na PDP ba ta kai ƙuri'a dubu 50 ba. Ya shiga da tutar APC, jam'iyya mai mulki, da duk ƙarfinta. Ƙungiya ta taimaka, ba ita kaɗai ta yi aikin ba.

Ku dubi ɗaya ɓangaren kuma. A Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, kuma Atiku Bagudu ya yi shekara takwas yana gwamna, sunansa na tafiya tare da shinkafa. Duk da haka a Fabrairun 2023 Adamu Aliero ya kayar da shi a takarar sanatan Kebbi ta Tsakiya. A ranar nan Atiku Abubakar na PDP ne ya ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa, makonni kaɗan bayan nan mutanen suka ba APC gwamna. Wanda duk ya ce maka yana da manoma ko malamai a aljihu, ka bar shi da bakinsa.

To ina tasirin nasu yake?

A ƙafa da baki. Direba na da mota ranar gangami, malami na da mutanen da za su tsaya ejan, 'yar kasuwa na da kunnen mata ɗari da ɗan takara ba zai taɓa shiga gidajensu ba. Sai kuma kafin zaɓen fidda gwani, lokacin da ɗan takara ke neman abin da zai nuna wa manyan jam'iyya cewa yana da jama'a. A nan ƙungiya ta fi tsada, kuma a nan yawancinku kuke barci.

Limaminmu ya ambaci sunan ɗan takara a huɗuba. Ya halatta?

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta hana kamfen a wuraren ibada. Masallaci da coci duk ɗaya ne a wurinta. Liman na da ra'ayinsa kamar kowa, ya faɗe shi a zaurensa. Kada ku tambaye ni ko Izala ko Ɗarika ce ta fi yi, ba zan shiga wannan ba.

Ɗan takara ya aiko wa ƙungiyarmu ta manoman rani kuɗi da buhunan taki, yana so mu fito mu ce muna bayansa. Mu karɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ranka ya daɗe shugaba, fara da abin da doka ta ce. Sashe na 221 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ban da jam'iyya, babu ƙungiyar da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta sa kuɗi a kamfen ɗinsa. Eh, haka yake a rubuce, duk da kullum ana ganin ƙungiyoyi a filin taro da kyallayensu. Sashe na 40 kuma ya ba ku 'yancin haɗuwa don kare buƙatunku. Tsakanin waɗannan biyu kuke tafiya. Ku gayyaci ɗan takara, ku gaya masa buƙatunku, ku yaba ko ku soki manufarsa, wannan fili ne naku. Ku mayar da ofishin ƙungiya ofishin kamfen, ku ɗebi kuɗin asusu ku buga fosta, nan kun taka inda abokin hamayya zai iya kama ku, ko da ba a saba kamawa ba.

Sai batun kayan. In an ce ga taki, amma ku kawo lambobin katin zaɓen mambobi, ko ku rantse, wannan sayen ƙuri'a ne ko da an kira shi tallafi, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk doka ta hau kansu. In kuwa gudummawa ce aka kawo a fili, babu sharaɗi, to ba zan ce muku haramun ce ba. Ni ma na san kuɗin taki da na man injin ban ruwa a fadamar Argungu. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ran da kuka je neman a gyara muku hanyar kai shinkafa kasuwa, za a tuna muku cewa an sallame ku tun kafin zaɓe.

Da ni ne, ga abin da zan yi, kuma ban ce dole ya dace da kowace ƙungiya ba. A kira taron mambobi gaba ɗaya, ba shugabanni biyar a ɗakin otal ba. A faɗi adadin abin da aka kawo a gaban kowa, a rubuta. A tsayar da buƙatu biyu ko uku da za a iya ƙirgawa: taki kafin shuka, ba bayan ta ba, ko rijiyoyin ban ruwa a wuri kaza. A kai wa duk manyan 'yan takara takarda iri ɗaya, a nemi amsa a bainar jama'a, in da hali a gidan rediyo. In mambobi sun rabu biyu, kada a yi mubaya'a ko kaɗan, domin ƙungiyar da ta tsage kan ɗan takara takan daɗe ba ta ɗinke ba, kuma shi ɗan takarar bai san ma an yi ba. In kuma ƙungiyarku na da rajista, ku duba kundinta, wasu sun hana siyasa da bakinsu. Mai shakka ya ga lauya kafin ya sa hannu a komai.

In wanda muka bi ya faɗi fa?

Shi ya sa na ce a kai wa kowa takarda. Ku kwantar da hankali, gwamna ba ya iya kore manoman jiha don sun ƙi shi. Amma shugabanninku za su ɗan sha zaman benci a ƙofar ofis.

Mu matasa ne, muna so mu kafa ƙungiyar goyon bayan wane. Ta ina za mu fara?

Haba samari. Wace sana'a ta haɗa ku? Wace buƙata? In amsar ita ce hula da riga mai hoto da kuɗin mota, to ku ba ƙungiyar matsin lamba ba ne, 'yan kwangila ne, kuma kwangilar na ƙarewa ranar da aka faɗi sakamako. Irinku ake turawa Facebook su zagi sa'o'in iyayensu. In da gaske kuke, ku haɗu kan abu ɗaya, ko kuɗin jarrabawa ne ko tsaron hanyoyin Danko-Wasagu, ku riƙe shi ko wa ya ci.

Hajiya daga Yauri ta ce: mu mata atamfa kawai ake kawo mana.

Hajiya, don ita kuke karɓa ku yi guɗa ku watse. A gaba in an kawo, shugabarku ta miƙe ta tambayi ɗan takarar ungozoma nawa ce a asibitin garinku, kuma yaushe za a ƙaro. Ku sa wata ta ɗauka a waya.

Yaushe ya kamata mu fara duk wannan?

Tun kafin fidda gwani. Na faɗa a sama, ku koma ku karanta.