Darussan ƙarin karatu bayan tashi daga lakwal a Maraɗi

Darussan ƙarin karatu su ne zaman da ake shirya wa ƴan firamare bayan an tashi daga lakwal, ko lokacin hutu, domin yaron da ya kai aji uku ko huɗu bai iya haɗa baƙi ba ya kamo ƴan uwansa. A jihar Maraɗi ana yin su cikin ajin makaranta, ko rumfar zana, ko gindin bedi, galibi a ƙarƙashin kwamitin iyaye da malamai na makarantar.

Harshe ne tushen matsalar. Yaron Madarumfa ko Tasawa da Hausa ya tashi, amma ranar da ya shiga ajin CI, wato ajin farko, da Faransanci ake tarbarsa, sai ya haddace abin da ke kan allo ba tare da ya san me yake faɗa ba. Gwajin PASEC na 2014, wanda ke auna ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna ƙasa da ɗaya cikin goma na ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar ne suka kai matakin karatun da ake bukata. Ba yau aka gane haka ba: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa.

Hanyar da bincike ya fi tabbatarwa ita ce koyar da yaro daidai inda ya tsaya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ɓullo da ita, masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suka auna amfaninta. Ana zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya a miƙa musu takarda: wane ya san harufa, wane yana karanta kalma, wane yana iya ɗan labari. Sai a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, a manta da shekaru da lambar aji. Malami ya rubuta ba, bi, bu da alli, yara su tafa hannu a kan kowace gaɓa, su harhaɗa "baba" da "bubu" a kan ƙasa da tsinke. Wanda ya ci gaba a matsar da shi. Bamaraɗe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin kuwa haka alaramma ke yi a makarantar allo: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, ba a wanke wa yaro allo sai ya iya.

A Nijar, shirin "Makaranta don Kowa" na hukumar JICA ta Japan, wanda ya soma a Tawa a 2004, ya haɗa wannan hanya da awannin ƙari da kwamitocin makarantu ke tsarawa. Akwai kuma ajin gaggawa na wata tara ga yara ƴan shekara 8 zuwa 12 da ba su shiga makaranta ba ko suka bari, inda ake somawa da harshen gida kafin a koma Faransanci.

Abin da ya fi ba darussan ƙarin wuya shi ne lokaci. Yamma ta makarantar allo ce, ƴan mata da yawa kuma suna da tallar da gida ya dogara da ita. A watan Oktoba, daidai komawa lakwal, ana tsakiyar girbin gero da wake, sai a iske rumfa rabi babu kowa.