Tari, Ciwon Kai da Kasala: Yaushe Ake Jinya a Gida, Yaushe Ake Tafiya Asibiti?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Bauchi, gida-gida za ka ji ana tari, ana kukan ciwon kai da mutuwar jiki. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ke haɗa ukun nan lokaci guda?

Galibi mura ce, kuma takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Ƙurar hunturu tana busar da maƙogwaro, ga mutane ba sa shan ruwa saboda sanyi, sai kai ya ɗauki ciwo. Akwai kuma abin da ba a cika kawowa a rai ba: kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, ko janareta a bakin taga. Idan duk mutanen ɗaki suka tashi da ciwon kai da jiri, a fita waje nan take, hayaƙin nan yana kisa.

Me zan yi a gida?

Hutu da shan ruwa sosai. A zuba zuma da lemun tsami da ɗan citta a ruwan ɗumi, a riƙa kurɓa, amma ban da jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma. Kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi yana rage kaikayi. Babba zai iya shan farasitamol ƙwaya biyu masu 500mg, da tazarar awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a awa 24. Masu hawa babur su rufe hanci da baki.

In je kemis a haɗa min magani?

A ganina nan aka fi tafka kuskure. Mutum ya ce "haɗa min na mura da na maleriya da na taifot", a ƙulle masa ƙwayoyi kala-kala a leda. Kafso ba ya kashe ƙwayar mura. Maleriya kuwa gwajinta ɗigon jini ne daga yatsa, cikin kamar minti ashirin an gama, to me zai hana a gwada kafin a sha? Maganin tari mai kodin kuma tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi.

Na sha maganin maleriya, zazzaɓi bai sauka ba. Sai yaya?

A Bauchi wannan ba abin wasa ba ne. Jihar tana cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi kamari a Najeriya, tare da Ondo da Edo, kuma a rani ya fi yaɗuwa. Farkonsa kamar maleriya yake: zazzaɓi, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, wani lokaci har da tari. Fitsari da kashin ɓera a kan hatsi ko abincin da aka bari a buɗe ne ke kawo shi, sannan mai jinya na iya ɗauka daga jini ko aman mara lafiya. Kada a jira sai mara lafiya ya fara zubar da jini. A tafi asibiti da wuri, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, a faɗa wa likita magungunan da aka riga aka sha.

Tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa fa?

In ya kai mako biyu, musamman da zufar dare, rama ko jini a majina, a je a gwada tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wata shida ake sha ba fashi, ko da an ji sauƙi a wata na biyu.

Wane hali ne ba ya jiran gari ya waye?

Numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, suma ko jijjiga, ko yaron da ya ƙi kama nono kuma haƙarƙarinsa ke lotsawa in ya ja numfashi. Haka nan matsanancin ciwon kai da zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafin Maris da Afrilu, domin alamar sanƙarau ce. Mai ciki da kanta ke sara, tana gani dishi-dishi, ita ma a kai ta asibiti a auna hawan jininta a daren.