Wai menene litiyom ɗin da ake tatsowa daga filin gishiri?

Duk wanda ya je siyan batirin sola kwanan nan ya san tambayar mai shago, na ruwa kake so ko litiyom? Toh litiyom ɗin nan ƙarfe ne amma ba irin na maƙera ba, duk ƙarafa ba wanda ya kai shi rashin nauyi, har wuƙa tana yanka shi. Shine a batirin wayarka da fawa bank da motocin lantarki, tun 1991 da kamfanin Sony ya fara kawo irin wannan batiri kasuwa.

Wasu suna ce mishi sabon man fetur, ni dai wannan sunan bai kwanta min ba. Fetur ƙona shi ake yi ya ba da ƙarfi, shi kuwa batirin litiyom ba ya samar da wutar lantarki da kansa, rumbu ne kawai, abin da sola ta tara da rana shi yake ajiyewa ya ba ka da daddare.

Maganar filin gishiri kuma sai ka tafi Kudancin Amurka, tsakanin Chile da Ajantina da Bolibiya. Tsofaffin tafkuna ne a kan tudu da suka ƙafe tun zamanin da, saman ya zama ɓawon gishiri fari fat, a ƙasa kuma akwai ruwan zartsi wanda litiyom ya narke a ciki. Na Uyuni a Bolibiya shine mafi girma a duniya, ya haura murabba'in kilomita 10,000. Ba wani fasa dutse, rijiyoyi ake tonawa a zuƙo ruwan da famfo a zuba a manyan kududdufai masu faɗi marasa zurfi, sai a bar rana da iska su yi aikinsu, in ka san yadda mutanen Bilma suke shanya ruwa ya zama gishiri to kusan hakan ne, sai dai nan gishirin ba shi ake nema ba, ana kwashe shi ne gefe ana tura sauran ruwan daga wannan kududdufi zuwa wancan wata 12 zuwa 18, launinsa yana juyawa daga shuɗi zuwa kore zuwa rawaya, kafin a kai shi masana'anta ya fito farin gari kamar fulawa.

Atacama ta Chile ta fi dacewa da wannan sana'a don kusan ba a ruwan sama a can, kamfanonin SQM da Albemarle ne suke aikin. Bolibiya kuwa ga arziki jibge amma damina tana tsinka musu ruwan, ga sinadarin magniziyom da ya yi yawa a ciki, shi ya sa har yanzu abin da take fitarwa bai taka kara ya karya ba.

Rigimar tana wajen ruwa. Abin da rana ta shanye ya tafi kenan, a hamada kuma, 'yan asalin Atacama sun daɗe suna kukan ana taɓa musu ruwan noma da kiwo.

Namu na Nasarawa daban ne fa, a cikin dutse yake irin na Ostireliya, wadda ita ce ta fi kowa haƙowa, tacewa kuma yawanci a China ake yi.