Ma'anar otizim, da dalilin da ya sa mai shi ke shan wuyar zama cikin mutane

Kalmar otizim ta fara yawo a bakin mutane, musamman idan 2 ga Afrilu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 don wayar da kai a kansa. Kafafen labarai na Hausa sukan fassara shi da galahanga, ni kam gaskiya kalmar nan ba ta kwanta min a rai ba, don da ka ce galahanga abin da ke faɗo wa mutum shi ne yaron da ba ya magana kuma ba ya gane komai, alhali akwai masu otizim da suka gama jami'a suna aiki suna riƙe da iyali, akwai kuma waɗanda har girmansu sai an tsaya a kansu dare da rana. Duk sunan ɗaya ne, amma kowa da irin nasa.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, autos, wato kan mutum, kamar a ce wanda ya koma cikin kansa. Wani likita ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya ƙirƙiro ta a 1911, amma sai a 1943 Leo Kanner a Amurka ya yi rubutu kan yara 11 ya nuna cewa wannan wani yanayi ne mai zaman kansa. A 1944 Hans Asperger a Ostiriya ya bayyana wasu yaran masu magana tar da kaifin basira amma cuɗanya da mutane na ba su wuya. A 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya.

Otizim yanayin halittar ƙwaƙwalwa ne, da shi mutum ke tasowa, kuma gado na da hannu sosai a ciki. Ba aljanu ba ne, ba sakacin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba, rahoton da wani likita ɗan Ingila, Andrew Wakefield, ya fitar a 1998 wanda ya jawo zargin rigakafin, mujallar likitoci ta Lancet ta janye shi a 2010, shi ma aka soke lasisinsa na likita. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da shi.

To inda nake so a tsaya a duba shi ne maganar zama da mutane. Zaman jama'a cike yake da dokokin da babu wanda ya taɓa zaunar da kai ya koya maka, kawai ka taso ka tsince su. An yi maka tayin abinci ka san yaushe ake cewa alhamdulillahi yaushe ake sa hannu, baƙo ya ce bari in tafi ka san sai ka ce tun yanzu, an yi habaici ka gane da wa ake, an tambaye ka ya gida ka ce lafiya lau ko da ba lafiyar. Mai otizim waɗannan abubuwan ba sa shigar masa da kansu, sai ya haddace su ɗaya bayan ɗaya kamar karatu. Ka ce masa ina zuwa sai ya zauna yana jiranka da gaske, ka tambaye shi ko ɗinkin nan ya yi kyau sai ya faɗa maka gaskiya tsirararta, shi a zuciyarsa amsa ya ba ka, kai kuma ka tafi kana cewa ba shi da kara. Daga nan sai sunaye su biyo baya, miskili, mai girman kai, ba ya son mutane, ba ta zumunci.

Ga kuma hayaniya. Da yawansu ƙara da haske da wari da taɓin jiki na isar musu fiye da yadda suke isar wa sauran mutane, gidan biki da lasifika da turare da yara na guje-guje da kowa na kiran sunanka, wallahi ga wasu azaba ce ta gaske. Idan ka ga yarinya ta toshe kunne ta shige ɗaki ko tana kaɗa hannu tana jijjiga jiki, ƙoƙarin kwantar da kanta take yi.

Wani abu da ke nuna cewa al'ada na da tasiri, a Turai rashin kallon mutum cikin ido na daga alamomin da ake saurin lura da su, mu kuwa yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba yabonsa ake yi. Yarinya mai shiru-shiru da ba ta shiga taro sai a ce kunya ce da ita, a haka za ta girma babu wanda ya gane, sai ta yi aure an fara cewa ba ta karɓar dangin miji da fara'a. Dama an fi gano shi a maza, kusan ninki huɗu, kuma ɗaya daga dalilan shi ne mata sun fi iya ɓoyewa. Wannan ɓoyewar ita ake kira maskin, wato ɗora fuskar aro, ka riƙa kwaikwayon dariyar mutane da gaisuwarsu, ka tsara abin da za ka faɗa tun kafin ka fita daga gida. Yana sa a karɓe ka amma yana cin mutum, ya dawo gida a galabaice, kuma an alaƙanta shi da ciwon damuwa.

Damian Milton, wani malamin jami'a a Ingila wanda shi ma yana da otizim, ya kawo wata magana a 2012 da na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ya ce rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake. Yadda mai otizim ke kasa karanta mu haka mu ma muke kasa karanta shi, bambancin kawai mu ne muka fi yawa, shi ya sa laifin ke komawa kansa. Idan kana da irinsa a gida ka faɗa masa abu kai tsaye ba a dunƙule ba, ka sanar da shi da wuri idan tsari zai canza, ranar biki a bar masa ɗakin da zai huta, yaro ƙarami kuma da aka ga magana ta yi masa jinkiri ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa a kai shi wurin likitan yara tun da wuri.