Layin dogo na Baro zuwa Kano

Layin dogo na Baro zuwa Kano hanyar jirgin ƙasa ce da gwamnatin mulkin mallaka ta Arewacin Najeriya ta shimfiɗa daga garin Baro, a bakin kogin Kwara cikin ƙasar Nufe, har zuwa Kano. Tsawonsa ya kai kusan mil 356. Ya bi ta Katcha da Badeggi da Minna, ya ƙetare kogin Kaduna, ya ratsa Zariya. Baro tana cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja a yau.

Tarihi

Gwamnatin Ingila ta amince da aikin a 1907, zamanin da Percy Girouard, injiniyan dogo ɗan Kanada, yake riƙe da Arewa. Dabarar ita ce a haɗa ruwa da tudu: jiragen ruwa su taso daga Burutu, tashar ruwa kusa da teku, su sauke kaya a Baro, jirgin ƙasa ya ɗauka zuwa Kano, ba sai an bi ta Legas ba. Da haka Arewa za ta sami ƙofarta ta kanta zuwa teku.

Ba a ba wani kamfani kwangilar aikin ba, ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ce ta yi shi, kuma ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa samo lebura daga ƙauyuka. An biya su lada da kuɗin Bature, wanda ya taimaka wajen ture kuɗin wuri daga kasuwanni. Masana tarihi da dama suna ɗaukar wannan ɗiban mutane aikin tilas ne. Dogo ya isa Kano a 1911, sai a 1912 zirga-zirga ta kankama.

Turawa auduga suka sa wa rai, domin masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, audugarsu kuma suka bar wa masaƙan gida. A 1913 kaɗai gyaɗar da aka fitar daga Najeriya ta haura tan 19,000, kuma daga nan ne aka kama hanyar dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita.

Koma-bayan Baro

Tun layin bai tsufa ba tashar Baro ta fara rasa muhimmanci. Dogon da ya taso daga Legas ya bi ta Jebba da Zungeru ya haɗu da shi a Minna, aka kuma haɗe hukumomin layukan biyu a 1912. Da farko a kan jirgin fito ake ƙetarar da taragu kogin Kwara a Jebba. Da aka kammala gadar Jebba, wajen 1915 zuwa 1916, sai kaya suka riƙa wucewa Legas kai tsaye. Kogin ma bai taimaka ba, don da rani ruwa kan janye, manyan jirage su kasa kaiwa Baro. Ɓangaren Minna zuwa Baro ya koma reshe kawai, sannu a hankali aka daina bin sa.

Halin da ake ciki

Ɓangaren Minna zuwa Kano ya shiga cikin babban layin Legas zuwa Kano. An ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro a Janairun 2019.