Waiwaye: Emanuel Ringelblum da takardun da aka binne a Warsaw

A ranar 18 ga Satumba 1946, masu haƙa suka kutsa ƙarƙashin ɓaraguzan gini mai lamba 68 a titin Nowolipki, birnin Warsaw na ƙasar Poland, suka zaƙulo akwatunan ƙarfe goma. Ruwa ya shiga, takardu sun manne da juna, wasu sun yi hunhuna. Da aka bi su a hankali aka ɓamɓare, sai ga labarin Yahudawan birnin, waɗanda 'yan Nazi suka kusa ƙararwa, rubuce da hannunsu. Mutumin da ya tsara aikin, Emanuel Ringelblum, an kashe shi shekara biyu da rabi kafin wannan rana.

An haife shi a 1900 a garin Buczacz, wanda yanzu ke cikin Yukren. A 1927 ya sami digirin dakta a Jami'ar Warsaw, kuma abin da ya nazarta shi ne tarihin Yahudawan birnin da yake zaune a ciki. Abincinsa koyarwa ce a makarantar sakandare ta 'yan mata. Tun a lokacin yana kan ra'ayin cewa tarihin al'umma bai tsaya kan manyan malamai da attajirai ba, tela da ɗan dako da mai talla su ma suna da kaso. Wannan ne ya kusantar da shi ga cibiyar nazarin tarihi da al'adun Yahudawa ta YIVO da aka kafa a Vilna (Vilnius ta Lithuania a yau) a 1925, wadda ke ƙarfafa wa talakawa gwiwa su riƙa tattara waƙoƙi, karin magana da tsofaffin takardun garuruwansu.

A gefe guda kuma mutumin hidimar jama'a ne. Ya yi aiki da ƙungiyar agajin Yahudawan Amurka da ake kira Joint, a sashen asusun rance marar ruwa ga masu ƙananan sana'o'i. A ƙarshen Oktoba 1938 Jamus ta kori Yahudawa 'yan asalin Poland kusan 17,000, dubbai suka maƙale a garin Zbąszyń na bakin iyaka, suna kwana a bargar dawaki. Aka tura shi can, ya yi mako biyar yana tsara abinci da wurin kwana. A ganina duk wanda ya raba wannan hidima da aikinsa na tarihi bai fahimci mutumin ba, domin daga wajen rabon abinci tarihin nasa ya fito.

Yana Jeniba wajen taro a Agusta 1939 da yaƙi ya ƙarato. Wasu sun yi zamansu a waje, shi ya kamo hanyar gida. Bayan Jamus ta ci Poland, ya zama jigo a ƙungiyar taimakon kai da kai ta Yahudawa, mai kula da gidajen rabon miya da kwamitocin gidajen haya. Kullum 'yan gudun hijira daga ƙauyuka na zuwa masa da labarin abin da suka gani da idonsu, da dare ya zauna ya rubuta. A Nuwamba 1940 aka rufe geto, wato unguwar da aka kewaye da katanga aka cusa mutum sama da 400,000 a fili da bai kai murabba'in kilomita huɗu ba. A watan ne ya tara amintattunsa suka kafa ƙungiyar asiri mai suna Oyneg Shabes, wato "farin cikin Asabar", don tattara takardu da labaran rayuwar geto, suna haɗuwa ran Asabar.

Mutum kusan sittin ne suka sa hannu: malaman makaranta, marubuta, malamin addini Shimon Huberband, da Hersh Wasser sakatare. Ba su raina komai ba. Katin rabon abinci, tikitin taragon cikin gari, takardar naɗe alewa, rubutun yaran makaranta, sanarwar hukuma da aka liƙa a bango, jaridun ɓoye, har da barkwancin da ake yi wa Hitler a raɗa. Rachel Auerbach, wadda ke riƙe da gidan miya a lamba 40 titin Leszno, ita aka sa ta rubuta abin da take gani a layin masu kwano, kuma ba ta ɓoye cewa miyar jinkirta mutuwa kawai take yi ga mafi yawansu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi wa kansu ado ba. Sun rubuta zaluncin Jamusawa, sun kuma rubuta cin hancin 'yan sandan Yahudawa da shagalin masu kuɗi a gidajen shaƙatawa alhali yara na mutuwa da yunwa a bakin ƙofa. Al'ummar da ake kashewa ta iya faɗin gaskiya a kan kanta haka, ba ƙaramin abu ba ne.

A farkon 1942 wani da ya tsero daga sansanin Chełmno ya ba su labarin yadda ake kashe mutane da hayaƙi a cikin motoci. Suka rubuta, suka miƙa ta hannun 'yan gwagwarmayar ɓoye na Poland zuwa Landan, BBC ta watsa a Yuni 1942. Duniya ta ji, amma kisan bai tsaya ba. Ran 22 ga Yuli aka fara kwasar mutanen geto zuwa sansanin kisa na Treblinka, cikin wata biyu aka tafi da sama da 250,000. Ana tsakiyar haka, a farkon Agusta, malami Israel Lichtenstein da ɗalibansa biyu suka binne akwatunan nan goma. A Fabrairu 1943 aka binne kashi na biyu cikin manyan gwangwanayen madara biyu. Na uku aka ɓoye shi a titin Świętojerska gab da boren geto na Afrilu 1943.

An kama Ringelblum lokacin boren aka kai shi sansanin Trawniki, abokai suka fito da shi a ɓoye. Ya laɓe da matarsa da ɗansu Uri a wani rami ƙarƙashin lambun Mieczysław Wolski, wani ɗan Poland, tare da mutum sama da talatin, kuma ko a nan bai ajiye alƙalami ba. Ran 7 ga Maris 1944 asirin wurin ya tonu. Aka harbe su, har da mai lambun.

Mutum uku kacal suka rayu cikin ƙungiyar: Wasser da matarsa Bluma, da Auerbach. Wasser ne ya san inda aka binne takardun, Auerbach kuma ta dage bakin rai bakin fama sai da aka yi haƙa. Gwangwanayen madarar leburori ne suka ci karo da su a Disamba 1950, takardun ciki sun fi na akwatunan lafiya nesa ba kusa ba. Kashi na uku an neme shi a 2003 a harabar ofishin jakadancin Sin da ke wurin yanzu, ba a dace ba. Abin da aka samu, shafi kusan 35,000, yana Cibiyar Tarihin Yahudawa ta Warsaw mai ɗauke da sunan Ringelblum, kuma UNESCO ta sa shi cikin kundin abubuwan tunawa na duniya a 1999. Auerbach ta koma Isra'ila a 1950, ta shugabanci sashen karɓar shaidar waɗanda suka tsira a Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, ta kuma ba da shaida a shari'ar Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara kwasar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, a 1961.